Darasi na 23: Gudu a Hanyar Daji, da Inda Ba a Gudu

Jama'a, a ƙasarmu in aka ga babban mutum yana gudu, ba a tambayarsa ina za shi. Abin da a kan ce masa shi ne, "Lafiya? Me ya koro ka?" Mun saba ba a gudu sai da dalili. Ko gobara ta tashi, ko an yi ihun ɓarawo, ko saniya ta tsinke. Tsere na yara ne. Magidanci kuwa tafiyarsa ya ke yi a natse, kada girmansa ya zube.

Amma akwai wani irin gudu wanda babu kora a cikinsa. Mutum ya kan tashi lafiya lau, ya ɗaura takalminsa, ya kama hanya yana sassarfa don ya motsa jini. Kun sha ganin samari 'yan ƙwallo suna yinsa da sassafe, da masu shirin shiga soja ko aikin ɗan sanda. Waɗansu a gefen titi su ke yi. Waɗansu kuwa sun fi son 'yar hanyar ƙafa, wadda ta ratsa gonaki da fadama ta bi bakin ruwa. A kanta za mu yi magana yau. Gudu a cikinta da daɗi, babu hayaƙi, babu mota. Sai dai ba mu kaɗai ke binta ba.

ME GUDU KE YI WA JIKI?

Zuciya tsoka ce, kamar tsokar damtse. Aikinta tura jini ko'ina a cikin jiki, dare da rana. Tsokar da ke aiki ita ke yin ƙarfi. Wadda aka ajiye kuwa sai ta saki.

Na san wani zai ce, "Malam, ni da ke wuni da fartanya, ko ina tuƙa jirgi daga Zamare zuwa Rofiya, wane motsa jini kuma zan nema?" Gaskiyarka. Da damina manomi ba ya bukatar kowa ya koya masa wannan. Amma ku dubi tela, da mai tebur, da ɗan kabu-kabu, da mu malamai. Zama ne aikinmu. Ku dubi shi manomin ma bayan an kai amfani gida, in ba ya noman albasa. Hawan jini da ciwon sukari sun fi samun shiga jikin mai zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babba ya sami minti 150 a mako na tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 na gudu. Ku raba 150 gida biyar. Minti 30 ke nan a rana, kwana biyar a mako. Wannan har da mata. Wadda ba za ta yi gudu ba, tafiya da sauri tare da 'yan'uwanta ta isa.

Ga wani ɗan lissafi da za ku gwada yanzu a cikin aji. Kowa ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da babban yatsa, har ya ji jijiya na harbawa. Mai agogo ya duba sakan 15. Ku ƙidaya harbin, sa'an nan ku ninka shi sau huɗu. Abin da ya fito shi ne bugun zuciyarka a minti ɗaya. Na babba mai lafiya, in yana zaune, tsakanin 60 ne da 100. Ka rubuta naka a littafinka. Wanda ya lizimci gudu wata biyu ko uku, in ya sake ƙidayawa ya kan tarar ya ragu, domin zuciyarsa ta yi ƙarfi, bugu kaɗan ya ishe ta.

Kada a fara da garaje. Sannu ba ta hana zuwa. Makon farko tafiya da sauri kawai. Sa'an nan ka yi sassarfa kaɗan, ka yi tafiya kaɗan. Ma'auninka shi ne magana: in ba ka iya gaida mutum ka amsa gaisuwarsa kana cikin gudu, ka yi sauri da yawa. Wanda ƙirjinsa ke ciwo, ko numfashinsa ke sarƙewa, ko an taɓa ce masa yana da hawan jini, ya fara zuwa asibiti tukuna.

MASU GUDU A WAƊANSU WURARE

Gudun nesa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zagage a guje su ke bin dokin sarki. Mafarauta su kan wuni suna bin nama da ƙafa. Abin da ya ke sabo shi ne a yi shi don nishaɗi, ko don gasa.

A shekarar 1960 an yi wasannin Olamfik a birnin Rum, ƙasar Italiya. Akwai tseren da a ke kira marato, tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Saboda zafi, sai da yamma ta yi aka fara shi, dare ya riski masu tseren a hanya. Sojoji suka jeru a gefen hanya riƙe da jiniyoyin wuta suna haskawa. Wanda ya zo na ɗaya wani soja ne daga Habasha, sunansa Abebe Bikila. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, ba ko takalmi a ƙafarsa. Shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zinariya a waɗannan wasanni. A 1964 ya sake ci a Tokiyo, ƙasar Japan, wannan karon da takalmi.

A ƙasar Turai akwai wani babban dutse mai ƙanƙara, sunansa Mont Blanc. A 2003 aka fara tseren kewaya shi ta hanyoyin ƙafa, wajen kilomita 170, a ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Gwanaye su kan gama cikin awa 20 ko kusa da haka. Waɗansu kuwa dare biyu ke samunsu a hanya, kowa da 'yar fitila ɗaure a goshinsa. Mu ma a Nijeriya, a 2005 an fara tseren hawan dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba, wajen kilomita 11.

Kada wani saurayi ya ji labarin Bikila ya tuɓe takalmi. Shi a kan titin birni ya yi gudunsa. Babu kububuwa a nan, babu ƙaya.

DARE DA ASUBA

Da bazara zafin ƙasar Yawuri ya kan kai awo 40. Gudu da tsakar rana a wannan lokaci neman cuta ne. Shi ya sa masu gudu ke fita bayan lisha, ko kuwa da an sallame sallar asuba. Iska ta yi sanyi, hanya ba kowa.

Mai fita cikin duhu ya san lissafin wata. Daga daren 8 zuwa na 14, farin wata na nan tun magariba har tsakar dare ko fiye. Waɗannan darare na mai fita bayan lisha ne. Daga 15 wata ya kan makara, kullum yana ƙara jinkiri kamar minti 50, amma da asuba yana sama. To, daga 15 zuwa wajen 22 na mai fita da asuba ne. Ko da farin wata, riƙe tocila, ka haska inda ƙafarka za ta sauka. Ka sa takalmi rufaffe, irin kambas, da dogon wando. Silifa ba ta tare komai.

Kafin mu zo kan namun daji, sai mun yi maganar mutane. Mai gudu da dare kama ya ke da ɓarawo. 'Yan sintiri ba su san motsa jini ka ke yi ba. Ƙafa su ka ji cikin duhu, ga su kuwa da makamai. Saboda haka ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka ce, "Ranka ya daɗe, mu kaza ne, za mu riƙa bin hanya kaza a lokaci kaza." Shi zai sanar da su. Ku fita ku uku ko fiye, kada mutum ɗaya. Ku sa fararen riguna. In an ce ku tsaya, ku tsaya cak, ku yi sallama, ku faɗi sunayenku da na iyayenku.

Ba wanda ya manta abin da ya faru a Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, sa'ad da 'yan bindiga su ka shiga makarantar gwamnatin tarayya su ka kwashi ɗalibai da malamai. Inda hankali bai kwanta ba, babu zancen hanyar daji da dare. A kewaya filin makarantar gari, shi ma gudu ne.

DORINA

An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Kogin Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohuwar Busa da gungu da yawa, aka ta da mutane fiye da 40,000 daga mazauninsu. Kakannin waɗansunku na cikinsu. Tun daga Wara har Yelwa, har a haura wajen Shanga, gonakinmu na shinkafa da albasa a bakin ruwa su ke. Ruwan kuwa sau biyu ya ke zuwa: na damina mai laka, da na hunturu wanda ya taso tun daga ƙasar Gini. Hanyar da ka bi da bazara, da kaka tana iya zama cikin ruwa. In bakin ruwa ya matsa, hanyar dabba ma ta kan matsa.

Dorina a ruwa ta ke wuni, amma ba kifi ta ke ci ba. Ciyawa ta ke ci. In dare ya yi sai ta hau tudu ta yi kiwo, ta kan yi tafiyar kilomita da dama, ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye. In ta sami gonar shinkafa, mai gonar ya shiga uku. Da asuba sai ta juyo ta nufi ruwa. Ku lura da wannan da kyau: lokacin da ta ke komowa, shi ne lokacin da mai gudu ke fita.

Ni kaina da bakin wani dattijo na tsira. Wata rana da hunturu na je duba aji a wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Shanga, na kwana can. Da aka idar da asuba na ɗaura takalmina, na kama wata hanya da ta bi gefen fadama. Akwai hazo, gari bai gama wayewa ba. Ina cikin tafiya sai na ji an ce, "Malam, tsaya!" Wani tsoho ne Basarke, yana zaune kusa da jirginsa yana gyaran koma.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?"

Bai amsa ba. Ya karɓi tocilata, ya ja ni gaba kaɗan, ya haska ƙasa. Sai ga wata hanya mai faɗi ta taso daga ruwa, ta gitta tawa, ta shige cikin ciyawa. Kwari biyu ne a jere, da ɗan tudun ciyawa a tsakaninsu. A jikin wani ɗan kurmi ga kashi an watsa, kamar an yi yaɓe. A cikin laka kuwa ga sawu, faɗinsa kamar ƙaramin faifai, da yatsu huɗu. Kusa da shi ga wani ƙarami.

Ya ce, "Malam, kai mai karatu ne. Karanta mini wannan."

Na ce, "Sawun dorina ne, da ɗanta."

Ya ce, "Wannan ko yaro ya sani. Ina yatsun su ka duba?"

Na duba. Duk tudu su ka fuskanta. Babu ko ɗaya mai duban ruwa.

Ya ce, "To, ta fita, ba ta komo ba tukuna. Da ka wuce nan, da ka shiga tsakaninta da gidanta."

Muka koma baya da nisa, muka hau kan wani suri muka zauna. Ba a daɗe ba sai na ji ciyawa na karyewa. Ta fito ɗan na gefenta, ta bi kwarin nan ba ta ko waiwaye mu ba, ta faɗa ruwa. Tsohon nan bai taɓa zama a aji ba. Amma ran nan shi ne malami, ni ne ɗalibi.

Kada girman jikinta ya ruɗe ku. Babban namiji ya kan kai kilo 1,500, wani ma ya ninka haka. Duk da wannan nauyi, dorina na iya gudun kilomita 30 a awa in tazarar gajera ce. Mai sassarfa a hanyar daji da ƙyar ya ke yin 10 ko 12. Watau ba ka tsere mata a fili. Abin da ke fid da mutum shi ne kada a haɗu tun farko. In ka ga hanyarta, tsaya ka duba sawu. In ka ji gurnaninta ko karyewar ciyawa, ja da baya a hankali, ka kauce gefe, ka bar mata hanyar ruwa a buɗe. Kada ka tsaya kallo, kada ka jefe ta, kada kuma ka gudu wajen ruwa, can za ta. In ta taso maka, nemi babban itace ko suri ko dutse ka sa shi tsakaninku, in da hali ka hau. Mai ɗa ta fi kowace haɗari.

A shekarar 2024 wata dorina ta kashe mutum a ƙasar Yawuri. Hukuma ta ba da izini, masunta da manoma su ka yi makonni suna nemanta, a watan Oktoba su ka kashe ta, har da ɗanta, aka raba naman. Jama'a sun yi murna, ba kuwa mai ganin laifinsu, domin rai aka rasa. Masu kula da namun daji kuma su ka nuna baƙin cikinsu, don dorinai sun ƙaranta ƙwarai a Nijeriya. A ganina hasara biyu aka yi a shekarar nan.

Wani abu kuma game da bakin ruwa. In ka yi gumi, kada ka durƙusa a gaɓa cikin duhu don ka wanke fuska. Wurin kada ne. Haska ruwan tukuna. In ka ga jajayen idanu biyu suna ƙyalli a saman ruwa, yi nesa. Riƙe gorar ruwanka daga gida ya fi.

MACIJI

Dorina ba kullum a ke gamuwa da ita ba. Maciji kuwa yana ko'ina, shi ya fi kashe mutane nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya. Yawancinsu manoma ne da makiyaya irinmu.

Guda uku za ku fi kula da su. Ta farko kububuwa, wadda a ke wa kirari da gobe da nisa. 'Yar ƙarama ce, tsawonta kamar kamu ɗaya, launinta irin na ƙasa. Da dare ta ke yawo, musamman in an ɗauke ruwa. In ta ji tsoro ta kan naɗe, ta riƙa goga jikinta yana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Ita ce ta fi kowane maciji kisa a arewacin ƙasar nan. Ta biyu kasa. Ita mai ƙiba ce, ba ta kaucewa, kwanciya ta ke yi lamo a kan hanya har a taka ta. Na uku gamsheƙa, mai fasa kai yana tofi. In tofin ya shiga ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

Maciji ba farautar mutum ya ke yi ba. Yana jin motsin ƙasa, in ya sami lokaci yawanci sai ya sulale. Mai tafiya da sanda yana ba shi wannan lokaci. Mai gudu kuwa kafin macijin ya motsa ya riga ya iso kansa. Shi ya sa na ce takalmi rufaffe da dogon wando, don yawancin sara a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Inda ciyawa ta rufe hanya, bar gudu ka yi tafiya. Kada ka tsallake gungume ba ka ga bayansa ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai a darasin nan. A ce ƙaddara ta faɗa, ya sare ka. Kana da ƙarfi, ka saba gudu, gari kuwa ga shi can ba nisa. Zuciyarka za ta ce maka, "Ruga gida." Kada ka yarda. Dafi ya kan bi waɗansu ƙananan hanyoyi da ke ƙarƙashin fata kafin ya shiga jini, motsin tsoka ne kuwa ke tura shi. Kowane taku ɗaya da ka yi, kai ne ke kai shi inda zai cuce ka. Matsa kaɗan daga inda macijin ya ke, ka zauna. Daga nan aikin abokan tafiyarka ne. Dalilin da ya sa aka ce ku fita ku uku ke nan: ɗaya ya zauna da kai, ɗaya ya ruga neman abin hawa. Shi ne mai gudu yanzu.

A cire zobe da agogo da takalmi, da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A sa wa ƙafar sanda ko kara, a ɗaure sako-sako kamar yadda a ke yi wa mai karaya, don kada ta motsa. A ɗauke shi ɗauka, a kan babur ko amalanke ko jirgi, a nufi asibiti. In yana amai a kwantar da shi a gefensa na hagu.

Akwai abubuwan da mu ka gada, waɗanda likitoci su ka tabbatar ɓarna su ke yi. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba yana hana ta jini, har ta ruɓe a yanke ta. Tsaga wurin da aska yana jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Tsotsa da baki ba ta fitar da komai, haka ma baƙin dutsen da a ke mannawa. Kada a ba shi asfirin da ire-irensa, suna ƙara tsinka jini. Kada kuma a ɓata lokaci wajen neman macijin a kashe, sau da yawa nan a ke samun sara na biyu.

Wani zai ce, "Ai wane an yi masa na gargajiya ya tashi." Ba na ƙaryata ka. Ga yadda abin ya ke. Macizai da yawa ba su da dafi mai kisa. Mai dafin ma wani lokaci ya kan sara bai zuba ba. Irin wannan ko ba a yi masa komai ba zai tashi, sai a yaba wa magani. Amma in kububuwa ta zuba dafinta, jini ne ke daina daskarewa. Mutum na iya wuni yana hira, a ce ya warke. Kashegari ko jibi sai a ga jini a dasashinsa, ko a fitsari, ko wani tsohon miki ya ɓalle. Daga nan in ya zuba a cikin kai, sai dai haƙuri. Abin da ke tsai da wannan shi ne allurar kashe dafi, a asibiti kuwa a ke yinta. Malamin asibiti ya kan ɗebi jini kaɗan ya zuba a kwalba mai tsabta, ya ajiye minti 20. In bai daskare ba, ya san dafi na aiki. A Kaltungo ta Jihar Gwambe akwai asibiti musamman don saran maciji, inda a ke yi wa dubban mutane wannan magani kowace shekara. Can ya yi mana nisa. Saboda haka tun yau, kafin bukata ta taso, shugaban ajin nan ya je ya tambayi malamin asibitin garinku wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar. A rubuta sunan a bangon aji.

Ga inda karatunku zai yi rana. Wanda ya iya rubutu ya duba agogo ko waya, ya rubuta lokacin da aka yi saran, da inda aka yi, da kamannin macijin in an gani. A miƙa wa malamin asibiti takardar. Mutanen da su ka firgita ba su kan tuna lokaci ba, shi kuwa yana bukatarsa.

KARE, DA ZUMA, DA SAURANSU

Kare ma ba a yi masa gudu. Ɗabi'arsa ce ya bi abin da ke gudu. In za ka wuce ruga ko bakin gari, koma tafiya, ka yi sallama da ƙarfi don masu gida su tsawata masa. In ya taso, tsaya, kada ka ba shi baya, kada ka zura masa ido. In ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ka tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana ba ya jin magani.

To, ashe babu abin da a ke yi wa gudu? Akwai. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Sa gudu a nan shi ne zuma. In ka bi ta ƙarƙashin itacen da aka ɗora amya, ko kogon da su ke ciki, su ka taso maka, ja rigarka ka rufe kai da fuska, ka zuba da gudu iyakar ƙarfinka, kada ka tsaya kaɗe-kaɗe. Kada ka faɗa ruwa, jiranka za su yi a sama. In ka sami ɗaki shige ka rufe ƙofa. Sa'an nan a kankare ƙarin da su ka bari a fata.

Sauran abin da za ku gamu da shi yawanci tsoro ne kawai. Zomo zai gitta. Bushiya za ta dunƙule. Fakara za ta tashi fir daga gefen gona. Yautai kuwa a tsakiyar hanya ya ke kwanciya, idonsa na ƙyalli, ba ya tashi sai ka kusa taka shi. Ran da ya fara yi mini haka, sai da na yar da tocila.

TAMBAYOYI

1. Malam ya ƙidaya harbin jijiyarsa sau 19 a sakan 15. Nawa ne bugun zuciyarsa a minti ɗaya?
2. Yau 18 ga wata. Da wane lokaci mai gudu zai sami farin wata, bayan lisha ko da asuba?
3. Yaya tsohon nan ya gane dorina ba ta komo ba?
4. Don me wanda maciji ya sara ba zai ruga gida ba?
5. A ce maciji ya sari abokinka jiya da ƙarfe 5 da rabi na asuba, a hanyar fadamar garinku. Rubuta takardar da za ka miƙa wa malamin asibiti.